Sunan Landon a Takardar Bernice

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Ƙanƙarar tsakar gida ta kusa narkewa, saura wadda ke jikin rumbu. Ko'ina taɓo. Mijina Orest ya shigo min da shi har kicin, na yi magana ya ce ai ƙasar gonarsa ce, ba ta wani ba. Shekara talatin da takwas muna wannan maganar da mutumin nan.

Landon ya kira. Ɗan nan nawa ba ya kira da safe, shi ya sa na ja kujera na zauna kafin in ɗauka. Ya ce, "Mama, ke kaɗai ce?" Na ce babanka yana wajen shanu. Ya ce to ki saurara. Ranar Juma'a a wasan hokin ƙanƙara ya kwanta gaban robar da ake bugawa kamar yadda ya saba, ta same shi a bayan hannu, inda safar hannun ba ta da kauri. Ƙashi biyu sun karye. Hannun hagu. Kuma shi bahago ne, da shi yake ci da shi yake rubutu.

Na ce to sai hutu ke nan. Ya ce wane hutu, gobe za a fara wasannin kofi, wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai shi ya wuce. Za su riƙa yi masa allurar kashe zafi su naɗe hannun ya shiga. Kulob sun gaya wa 'yan jarida wai ɗan ciwo ne a saman jiki. Haka suke yi kullum lokacin kofi, daga ƙugu zuwa kai saman jiki ne, daga ƙugu zuwa ƙafa ƙasan jiki ne, ba a faɗin wuri. In waɗancan suka san wurin, nan za su yi ta sara da sanda. Shekara sha huɗu yana hoki a bakin kuɗi, ba yau na fara jin wannan ba.

Ya ce, "Ke da Baba kawai. Ko kare kar ki gaya wa." Na ce karen nan kurma ne. Ya yi dariya.

Shekararsa talatin da huɗu. Kwantiraginsa zai ƙare a watan Yuni, manaja ya ce za su duba bayan kofi. Ɗan baya da ba ya iya riƙe sanda ban san abin da za su duba ba.

Na gaya wa Orest da ya shigo. Ya ce hmm. Ya ce jar saniyar nan yau ko gobe.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe uku da kwata na rana

Ya kira ƙarfe uku daidai, kamar kowace ranar wasa. Na ce ka ci abinci? Ya ce taliya da kaza. Na ce to Allah ya tsare. Ya ajiye. Tun yana shekara ashirin haka muke yi, kalma ɗaya ba ma canzawa. Sau ɗaya na ƙara da tambayar mura, aka ci su shida, wata guda yana min gori.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Sun ci jiya. Jar saniya ta haihu, mace.

Yau mu tara muka taru a ƙasan coci muna matse bakin pirogi, kwaɓin fulawa mai dankali a ciki, saboda cin abincin bazara. Stella ta fara tun ban cire kot ba. Ta ce, "Verna, na ga ɗanki jiya, gemu ya fara fitowa, da furfura a ciki. Wai sai an cire su zai aske?" Na ce haka dukansu suke yi, ke ma kin sani. Ta ce, "Shekara sha huɗu, sau nawa ma ya jefa a raga? Goma?" Na ce sha tara, kuma aikinsa ba jefawa ba ne, hanawa ne. Ta ce, "Ai aikin kwanciya a ƙasa ko mijina ya iya." Na ce naki ya kwanta ba ya tashi, nawa yana tashi. Har Bernice sai da ta yi dariya, ita da ba ta dariya a harabar coci.

Da muka kai rabi Bernice ta fito da takardarta ta addu'a. Ita ke riƙe da ita tun kafin in yi aure. Wanda ke da mara lafiya ya rubuta, ranar Alhamis matan zumunta su durƙusa a kai. Stella ta rubuta ƙugunta, karo na nawa ban sani ba. Ba a rubuta suna tsura a takardar nan. Mahaifiyata ma haka ta koya min, in za ki roƙa ki faɗi wurin. Lokacin ƙodar Orest, ƙoda muka rubuta, ta dama, ga shi nan yana shigo min da taɓo.

Takardar ta zo wajena. Hannuna duk gari, na goge a gaban riga. Biron ya ƙi yi da farko, daga baya ya yi. Na miƙa wa ta kusa da ni.

Dozin sittin da biyu muka yi. Dankalin ya yi ruwa kaɗan.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

An ci su jiya. Ɗaya da ɗaya. Ya tare roba biyar da jiki, na ƙirga.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Sun ci jiya, biyu da ɗaya ke nan. Ya kira ƙarfe uku, taliya da kaza.

Mun je sujada. Da can takardar Bernice a hannun mata take tsayawa. Sabon Fadan nan, limamin cocin, shi ne ya ce ya fi kyau jama'a duka su ji su roƙa tare, tun watan jiya ya fara karantawa a gaba. Na san da haka. Ina wurin ranar da ya faɗa. Ban tuna ba ne kawai.

Ya karanta ƙugun Stella. Ya karanta na tsoho Metro da ke gidan tsofaffi. Yana karatu a hankali, ba ya tsallake komai, yadda aka rubuta haka yake faɗa. Da ya zo layi na shida Orest ya juyo ya kalle ni. Ni littafin waƙa nake kallo.

Kyamarar nan tana nan a jikin ginshiƙi, wadda aka saka lokacin korona don 'yan gidan tsofaffi su riƙa kallo ta intanet. Jar fitilarta a kunne.

Muka dawo gida. Na gasa naman alade da kabeji. Orest ya ci, ya ƙara.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Bernice ta bugo tana murna. Ta ce, "Verna, kin san mutum nawa suka kalli sujadarmu ta jiya? Dubu tara! Mu da ba ma wuce arba'in. Fada ya ce ikon Allah ne." Na ce madalla. Na ce ina da burodi a wuta.

Ba ni da burodi a wuta. Na kwaɓa daga baya don kar ya zama ƙarya.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Uku ta wuce. Wayar tana da caji, na duba.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Jiya ba a yi minti biyu da fara wasa ba mai lamba ashirin da bakwai na waɗancan ya sare Landon da sanda. A kan safar hagu. Alƙali bai gani ba. Sara na biyu ya gani, ya fitar da mutumin minti biyu. Minti biyu ya zauna yana shan ruwa ya dawo. Daga nan suka riƙa karɓa-karɓa, wannan ya sara wancan ya sara, ko a jikin katanga suka matse shi hannun suke nema. Na ƙirga bakwai, sai na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Mai sharhi ya fara cewa wai akwai wani bidiyo da ke yawo. Orest ya kashe muryar talabijin. Haka muka gama kallo shiru.

An ci su. Biyu da biyu.

Kristin, matar Landon, ta turo min saƙo da safen nan. Ba gaisuwa ba komai, bidiyon ne kawai. Ban buɗe ba. Na san rigar da na sa ranar.

Iska ta kaɗa min shanya har cikin taɓo, sai na sake wanki.

Alhamis, 1 ga Mayu, ƙarfe uku da rabi na rana

Bai kira ba. Na ɗauki wayar na ajiye. Ranar wasa ba a kiransa, shi ke kira.

Juma'a, 2 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Sun ci jiya, uku da biyu. Saura ɗaya su wuce. Ya buga minti ashirin da biyu. Na lura in ya koma benci yana cusa hannun a hammata.

Bernice ta zo da kek na lemo, ido jawur, Stella a bayanta. Bernice ta tsaya a ƙofa ta ƙi zama. Ta ce, "Ni na kai wa Fada. Ko tunani ban yi ba, Verna, na ninke na ba shi." Na ce ki zauna, biron a hannunki yake ranar? Ta zauna.

Stella ta ce, "Ku daina wannan abin. Ɗan baya ne, tun yana shekara tara ake sararsa. Ɗana ma ya sare shi a filin bayan makaranta, ke kika zo har gida da ludayi a hannu." Na ce ba ludayi ba ne, muciya ce. Ta ce, "To kin gani. Kuma waɗancan ba makafi ba ne, suna da masu kallon bidiyo dare da rana, da kansu za su gane." Na ce wasa uku ba su gane ba.  Muka ci kek. Ya yi zaƙi da yawa.

Orest ya daina zuwa shan gahawa a teburin tsofaffi na gidan mai. Ya ce wai aiki ya yi yawa, zai fara shuka Litinin.

Lahadi, 4 ga Mayu, ƙarfe sha biyu na rana

Ban je coci ba. Ciwon kai.

Jiya a zagaye na biyu sanda ta faɗi daga hannunsa. Ba wanda ya taɓa shi a lokacin, faɗuwa kawai ta yi. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Mutum biyu suna tahowa kansa. Sai ya bar sandar ya jefa jikinsa gaba ɗaya a gabansu, ya tare roba ta farko da ƙirji, ta biyun ta shiga raga. Ya tashi ya tafi benci, bai zauna ba, ya wuce ciki. Bai sake fitowa ba.

Uku da uku.

Na goge saman firji. Kwalbar jam ɗin nan da haƙoran Landon uku da suka fita a hoki a ciki tana nan, na wanke murfin na mayar.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

An cire su jiya. An nuno shi sau ɗaya a sama cikin 'yan kallo, da kwat, hannu cikin aljihu.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na kai wa Orest abinci gona. Alkama yake shukawa a ta arewa. Ya sauko daga tarakta ya zauna a bayan mota yana ci, ni ina tsaye. Ƙasa ta yi kyau bana, da laima.

Ya ce, "Vern." Na ce na'am. Ya ce, "Landon ya sani. Amma bai ji daga bakinki ba." Na ce miyar za ta huce. Ya ce, "Ni dai na faɗa." Ya miƙo min kwanon ya hau abinsa.

An nuno su Landon a labarai suna kwashe kaya daga ɗakin sa kaya. Duk sun aske, fuskoki fari fat kamar 'yan makaranta. Shi kaɗai ne da gemu.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Kristin ta rubuto. An yi aikin hannun, an sa masa farantin ƙarfe da ƙusa shida. Yatsu biyu ba sa ji, likita ya ce sai an sake shiga saboda jijiya. Na rubuta mata Allah ya ƙara sauƙi, ki gaishe shi. Ta turo hoton babban yatsa.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar iyaye mata. An kawo fure daga gari, da kati, rubutun mai shagon ne. Na rubuta masa saƙo mai tsawo a wayar nan, na goge. Na sake, na goge. Na dasa albasa layi huɗu.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Kristin ta ce gobe suna hanya, ita za ta tuƙo. Na canza zanin gado. Na fito da pirogi dozin uku daga firiza, na mayar da ɗaya, na sake fito da shi.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun iso jiya da la'asar. Ya rungume ni da hannu ɗaya, ɗayan cikin filasta har gwiwar hannu. Ya rame. Da babansa ya yi ta hira, alkama, farashin taki, jar saniya. Kristin ta taya ni wanke-wanke, ta ce min a hankali kwana goma tana roƙonsa ya je wajen mai aski ya ƙi, ita ma ya hana ta taɓawa.

Yau da safe Orest ya tafi gona, Kristin ta tafi gari. Ina share tebur sai ga shi ya ajiye min rezar babansa da almakashi da gwangwanin kumfa. Ya ja kujera tsakiyar kicin ya zauna. Ya ce, "Da dama ba na iyawa. Sai in yanke kunne."

Na yafa masa tawul. Na fara da almakashi. Furfurar ta fi yadda take a talabijin. Na shafa kumfa, na yi kumatun dama duka. Ga tabon haɓarsa na ɗinki sha ɗaya, na manta da shi.

Na ce, Landon, ni na rubuta.

Ya ce, "Na sani. Sau uku na kalla. Har Baba na gani ya juyo yana kallonki."

Na wanke rezar a kwano.

Ya ce, "Mama, shekara sha huɗu fa. Ba za ki iya rubuta saman jiki ba kamar kowa?"

Na ce saman jiki ina? Kai ne, kafaɗa ce, haƙarƙari ne? Mata tara za su durƙusa a kan siminti da gwiwoyinsu irin na Stella, me za su ce suna roƙo?

Dariya ta kufce masa ta hanci, rezar ta ɗan yanke shi a gefen baki. Na danna masa tawul. Ya riƙe da dama.

Ya ce, "Na yi fushi. Har yanzu ma da saura, kar ki ɗauka ya wuce." Na ce to. Ya ce, "Likita ya ce ko ba su sara ba, ba lallai hannun ya kai ƙarshe ba. Wataƙila ya kai, wataƙila bai kai ba. Ba zan taɓa sani ba. Ke ma haka." Na ce to.

Na koma kumatun hagu. Ina cikin yi ya ce, "Bernice tana nan da takardarta?" Na ce ina za ta. Ya ce, "Ranar Alhamis za a sake buɗe hannun. Ki rubuta. Hagu, ƙashi biyu, da jijiyar ƙananan yatsu biyu. Ki sa duka."

Na ce kyamarar fa.

Ya ce, "Ta ɗauka. Ba sauran wanda za a ɓoye wa."

Na tsaya da reza a hannu. Ya ce manaja ya kira shi ranar Talata, sun gode, ba za su sabunta kwantiragin ba. Wakilinsa ya buga wa wurare shida, babu labari. Ya ce shi ma ya gaji da allura. Yana faɗa yana kallon saman firji.

Na ce ɗaga haɓa. Ya ɗaga. Na gama wuyan a hankali, ban sake yankarsa ba. Da na goge masa fuska sai na ga kamannin babana, ban taɓa lura ba.

Na share gashin na zuba a bayan rumbu, tsuntsaye za su kwashe.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Mun je coci mu huɗu. Na tare Bernice a bakin ƙofa na karɓi takardar. Ta riƙe gefenta ta ƙi saki, ta ce, "Verna, kin tabbata?" Landon ya ce daga bayana, "Ki ba ta, Anti Bernice, ni na aiko ta." Stella ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Au, ashe akwai fuska a ƙarƙashi." Ya ce, "Yaya ƙugu?" Ta ce, "Ya fi hannunka."

Fada ya karanta yadda aka rubuta, bai tsallake komai ba. Orest bai juyo ba. Bernice ta bugo ɗazu ta ce mutum arba'in da ɗaya suka kalla.

Ƙarfe uku ta yi Landon yana zaune a kicin yana ƙoƙarin ɓare lemo da hannu ɗaya. Na kalli agogo, shi ma ya kalla. Na ce ka ci abinci?

Ya ce, "A'a. Ki ba ni ko mene ne, banda taliya da kaza."